Gadar da Na Jefa Kan Rumbu

Wata Alhamis bayan sallar La'asar, ana tsakiyar yankan dawa, ina aji biyar na firamare, rabin 'yan ajinmu suka ɗare katangar gidanmu a Kazaure suka zuro ƙafafu ciki. A sararin da ke tsakanin zaure da cikin gida, malaminmu na aikin hannu, Malam Sabo, ya tattare farar shaddarsa ya tsuguna a bakin kwata, rajista a hammata, jan biro a bayan kunne. Daga gidanmu walimar auren abokinsa zai wuce, shi ya sa ya sha guga da turare. Abokina Bulus na durƙushe can wajen turken awaki, yatsansa a kan makunnin jirginmu na wasa, yana jiran in ɗaga hannu. Ni kuwa ina tsaye ina hura hanci, ina kallon jar gadar ƙarfen da muka ɗora a kan kwatar. Mutum ɗaya ne a gidan bai juyo ba. Kakana na zaune a kan buzunsa a ƙofar zaure, ya ba mu baya, ya kanga rediyo a kunne. Kwana biyu ke nan bai zage ni ba, kuma wannan ya fi bulalar Malam Sabo damuna.

Mahaifina mutum ne da ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. In ya yi gyaran murya a zaure, har kajin gidan natsuwa suke yi. Amma mahaifinsa, Malam Idi, abokin wasana ne kamar yadda kowane kaka yake ga jikansa, sai dai namu wasan ya fi na kowa zafi a unguwar. Da safe in na je gaishe shi ko rusunawa ba na yi. Zai ɗago ya ce, "Kan Tulu, yau ma ba a sace ka ba?" Ni kuma in ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za ka tafi in gaji rediyon nan?" Ya wawure min ƙosai, in ɓoye masa takalmi ɗaya a cikin akurki. In an yi baƙi ya rantse musu a kasuwar Gwiwa aka tsinto ni ƙarƙashin kwandon tattabaru, ni kuma in ce su yi a hankali da butarsu don tsohon hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. A lokacin ban san ƙauna ake kiran wannan ba. Na dai san duk ranar da bai tsokane ni ba, to zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Abu ɗaya ne ba na yi masa wasa da shi, labarin reluwe. Da ƙuruciyarsa ya bi aikin shimfiɗa layin dogo zuwa Barno, ya dawo da akwatin ƙarfe da labarai da ba sa ƙarewa. In ka saurare shi, babu gadar jirgin da ba da hannunsa aka gina ba, Turawa ma sai sun tambaye shi kafin su kafa turke. Dattawan majalisar ƙofar gidanmu suna kiransa Injiniya suna ƙifta wa juna ido. Kakata Iya kuwa in ya fara sai ta taɓe baki ta ce, "Ni dai da ya dawo, sanƙo na gani a tsakiyar kansa." Ni kaɗai na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sau biyu ina dambe a makaranta saboda wani ya ce kakana maƙaryaci ne, kuma sau biyun ni aka kayar.

Bulus ɗan Oga Yohanna ne, mai walda, mutumin Filato, wanda ke haya a shagon da ke jikin katangarmu. Tare muke zuwa makaranta, tare muke ɗibar ruwa, tare ake dukanmu. Wani kawunsa ya kawo masa tsarabar kan jirgin ƙasa na roba mai aiki da batir, baƙi, mai tsawon taƙi ɗaya da rabi, da fitila a goshi. Gwanjo ne, ba tarago, ba layi. In aka kunna shi a ƙasa sai ya miƙe ya je ya daki bango ya tsaya yana gurnani. Ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafin karatu. Bulus ya ce shi ya taɓa gani a Kafanchan, amma da na matsa masa da tambaya sai ya amsa cewa a goye yake a lokacin, kuma barci yake yi.

A makarantarmu, ƙarshen zango kowa yakan kawo aikin hannu a ba shi maki. Abin da ake kawowa sananne ne: tsintsiya, igiya, mafici, mafi yawa ma iyaye ne suka yi ko aka sayo a kasuwa aka shafa musu ƙasa don su yi kama da aikin yaro. Ranar da Malam Sabo ke rubuta abin da kowa zai kawo, bakina da ba ya shawara da ni ya ce, "Malam, ni da Bulus layin dogo za mu yi, da jirgi mai tafiya da kansa, har da gada." Aji ya kwashe da dariya. Na ƙara da cewa ai kakana injiniyan gada ne, dariyar ta ƙaru. Malam ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce tunda ba a ɗauko layin dogo a kai, shi zai zo gida da kansa ranar Alhamis ta sama. In jirgi ya zagaya ya dawo inda ya tashi, maki goma. In kuwa ya sha rana a banza, bulala goma-goma, ranar Litinin, a gaban kowa. Bulus bai yi min magana ba har muka iso gida.

Haka muka shiga aiki tsakanin aike da aike. Da safe in kai wa masu yankan dawa kunu a gona, in dawo da dami ɗaya na kara a kai ina cewa na awaki ne. Da yamma mu je gindin dutse mu haƙo yumɓu. Muka yi tudu siriri na yumɓu ya zagaya sararin, muka jera gutattsarin kara a kai, muka shimfiɗa waya layi biyu daga tarkacen shagon Oga Yohanna, muka kafe ta da ƙayar aduwa. Taragu uku muka yi da gwangwanin kifi, tayoyinsu na marfin lemo. Muka gina tasha da kwalin sukari, muka dasa reshen dogonyaro a gefenta. Ƙanwata Hanne ta nace sai an ɗauke ta aiki, muka naɗa ta mai korar kaji.

Matsalar kwata ce. Kwatar gidanmu ta fito daga cikin gida ta ratsa sararin ta fice ta rariyar katanga, faɗinta kamu ɗaya, ruwanta baƙi ƙirin, agwagi ne kaɗai ke ganin mutuncinta. Sau biyu layinmu zai tsallaka ta. A wuri na farko, kusa da katanga, ta shige ƙarƙashin wani falalen dutse, babu damuwa. A wuri na biyu kuwa rumbu ya tare hanya ta dama, turken awaki ya tare ta hagu, dole layin ya sha kwana ya zagaye rumbun, kuma tsakiyar kwanar ta faɗo daidai kan kwata. Mun nemi a matsar da turken, Iya ta ce sai dai a matsar da mu.

Gadarmu ta farko faifan Iya ne. Ta yi aiki na rabin yini, har lokacin da Iya ta tashi yin bakace. Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Ta biyu bakin wata fasasshiyar ƙwarya ce, na zaɓe ta don na ga a lanƙwashe take kamar layin, ina ta yabon kaina. Ashe lanƙwasar tata sama ta yi, ba gefe ba, tarago ya hau ya dawo da baya. Ta uku muka gina da yumɓu zalla, muka yi mata baka mai kyau, muka shafe ta sumul. Washegari Hanne, mai korar kaji da kanta, ta sheƙa ruwan wanke-wanke daga cikin gida, muna tsaye muna kallo gadar ta durƙusa ta bi ruwa. Saura kwana biyar Alhamis, Bulus ya fara tambayata ko wando biyu na rage zafin bulala.

Duk wannan abin tsoho na kallonmu daga kan buzu, yana ba agwagi labarin wautarmu da ƙarfi don mu ji. Ranar da ta yumɓu ta tafi sai ya taso. Idonsa ya riga ya yi rauni a lokacin, don haka da hannu ya duba aikin. Ya durƙusa a bakin kwata, ya bi wayar da yatsa tun daga inda ta fara lanƙwasa har inda ta miƙe, ya karɓi kan jirgin ya auna shi da taƙi, ya juya shi ya shafa tayoyin. Ya ce, "Kan Tulu, kai dai girman kan ne kawai, ciki iska. Kawo min kara da igiyar rama." Kwana uku ya yi yana wannan aiki. Ya bar zaman majalisa, ya bar barcin rana, ya yanke yatsa da wuƙa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ya sa na yo masa 'yan gwafanni na kargo daga bayan gari, ya mayar da ni sau biyu wai ba su yi ba. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba, har waƙar lebura yake yi ƙasa-ƙasa.

Ranar Talata bayan an tashi makaranta ya kira ni ya yaye tsumman da ya rufe ta. Gutattsarin kara ne guda bakwai, kowanne bai fi yatsa huɗu ba, an ɗaure su baki da baki kowanne ya ɗan karkace daga ɗan'uwansa, a kan ƙafafu shida da ba su ma yi tsawo ɗaya ba. Ba bango a gefe, ba ado, igiya ta yi tutsu ko'ina. Kamar shanshanin da aka taka. Duk gadojin da ke littafinmu suna da bango da ƙarafa masu gicciye da juna, wannan kuwa ko akuya aka nuna wa sai ta ɗauka abinci ne.

Abin da tsoho bai sani ba shi ne Bulus ma bai zauna ba. Ya yi ta yi wa babansa magiya har Oga Yohanna ya tsinci guntayen rodi ya haɗa mana gada cikin rabin awa. Kafin ya kunna wuta ya ɗaga baƙin gilashinsa ya tambaye mu, "Layin naku ya miƙe ne, ko ya yi kwana?" Muka dubi juna. Mun ji tsoron in muka ce kwana zai ce ba shi da lokaci, sai muka haɗa baki muka ce, "Kusan a miƙe yake." Ya yi mana ita miƙaƙƙiya sambal, da bango hagu da dama, da ƙarafa masu gicciye kamar ta littafi, ya shafe ta da ragowar jan fentin wata ƙofa. Wallahi har yau ban ga abin da ya kai ta kyau a idona ba.

To ga gada biyu, kwata ɗaya. Na tsaya riƙe da ta kara, ina hango ta ƙarfe tana sheƙi a rana, ina tuna dariyar 'yan ajinmu. Da na ce masa, "Tsoho, wannan tarkon ɓera ka yi mana?" da ya yi dariya ya rama, da mun yi ta ja-in-ja har ya fahimtar da ni. Amma kunya da tausayi suka kama ni, sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na rusuna, na sassauta murya, na ce, "Baba, mun gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai Malam zai zo da mutane, za mu sa ta ƙarfen." Ya murza tsumman yatsansa. Can ya ce, "To, madalla. Allah ya ba da sa'a, Nafi'u." Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba sai ranar. Na rasa inda zan sa gadar, na cilla ta kan jinkar rumbu.

Laraba da safe na je gaishe shi, ya amsa min tiryan-tiryan kamar baƙon da ya zo daga Babura: lafiya lau, ya karatu, ya su Malam. Na ajiye ƙosaina a gabansa na juya baya da gangan, na dawo na same shi cif yadda na bari. Na ɗauke takalminsa a kan idonsa, ya miƙe ya tafi masallaci ba takalmi. Iya ta dube ni ta ce, "Maigida, me ka yi wa tsohon nan ya koma mutumin kirki?" Na ce ni ban yi masa komai ba, ladabi ma na yi masa. Ta ce, "Ahaf."

Fentin bai bushe ba sai Alhamis da azahar. Muka ɗora gadar, muka bi da wayar ta cikinta a lanƙwashe, da ƙyar ta shiga tsakanin bangayen biyu. Muka tura gwangwanin kifi ɗaya da hannu ya wuce lafiya, muka yi tsalle. Kan jirgin kuwa ba mu gwada ba. Batir biyu gare mu a duniya, su ma sun gaji, kwana uku muna shanya su a rana a kan kwanon shago, Bulus har cizonsu yake yi wai ƙarfi ya taru. Muka yanke shawara kada a ɓarnatar da su a gwaji.

Haka muka kai ga lokacin da na ɗaga hannu. Bulus ya danna makunni, fitila ta kawo, jirgi ya tashi yana jan taragunsa uku suna ƙarar gwangwani. Katanga ta ɗauki ihu. Ya wuce tasha, ya haye falalen dutse, ya bi gindin katanga, Hanne na gudu a gabansa tana korar kajin da babu su. Malam Sabo ya ƙara matsowa bakin kwata, ya sunkuya sosai don ya ga yadda za a hau gada. Jirgi ya shigo kwana. Tayoyinsa suka bi waya yadda ya kamata, amma dogon hancinsa ya leƙa waje, ya daki bangon gadar, ƙwas! Ya ɗaga gaba, ya yi tsaye a kan tayoyin baya kamar mai tunani, sannan ya kifa cikin kwata da taragunsa duka. Gadar ma ta bi shi.

Ruwan kwatar gidanmu bai taɓa tashi sama haka ba. Ya sami Malam tun daga hula har gwiwa, ya ɗiga daga tabarau, ya shiga aljihu. Wuri ya yi tsit, sai kukan agwagwa. Sai wani a kan katanga ya kasa riƙewa, dariya ta ɓarke, har ɗaya ya faɗo cikin turken awaki. Malam ya miƙe a hankali, ya cire tabarau ya nemi inda zai goge a jikin rigarsa bai samu ba. Ya ce, cikin wata murya mai sanyi da ta fi tsawa ban tsoro, "Goma-goma na ce ko? Na yi kuskuren lissafi." A nan ne muka ji muryar tsoho daga ƙofar zaure, bai ko juyo ba, kamar da rediyon yake magana: "Hancinsa ne ya daki bango."

Na tafi gabansa. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, ka taimake mu." Ya ce, "Ba komai, Nafi'u, Allah ya kiyaye gaba," ya ƙara murɗa rediyonsa. Hawaye suka cika min ido. Sai na ji an yi tsaki daga bayan zanan da ya raba mu da cikin gida, inda Iya ke leƙe tun ɗazu. Ta ce, yadda kowa zai ji, "Kai dai an yi wawan miji. Wa ya ce maka haƙuri ake ba shi?"

Na miƙe. Na share hanci da bayan hannu, na riƙe ƙugu, na buɗe murya gaban Malam da 'yan ajinmu na ce, "Kai tsoho mai ƙaryar gada! Shekara nawa kana cika mana kunne? In da gaske ka iya, taso ka nuna, in kuwa ba ka iya ba ka ba ni rediyon ka huta!" Bulus ya dafe kai, don a gidansu wanda ya yi wa babba haka sai dai a nemi ganyen ɗaurin karaya. Kafaɗun tsoho suka fara rawa. Ya kashe rediyo, ya juyo, duk haƙoransa huɗu a waje, ya ce, "Ɗan banza mai kan tulu. Ina ka jefa min aikina?"

Hanne ce ta hau rumbu ta sauko da ita. Ƙafa biyu babu. Iya ta amsa daga bayan zana, ko kunya babu, cewa ita ta zaro su da sanda jiya ta hura wuta, ai ta ɗauka an yar. Tsoho ya ce dama tun auren fari ba ta taɓa ganin abin kirki ta bar shi ba. Ya karyi reshe biyu daga dogonyaron tasharmu ya maye gurbinsu. Ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu cikin kwata, yana kafa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana lalube, yana magana kamar mai koyar da manya. Ya ce ƙarfe ba ya shan kwana, ko a gadar gaske guntu-guntu ake jerawa, kowane guntu a miƙe, ƙafafun ne ke juya su. Ya ce jirgi in ya shiga kwana tayarsa ce ke bin layi, hancinsa da gindinsa waje suke leƙawa, don haka ko ka buɗa masa bango sosai ko ka bar shi ba bango. Ƙafafun da na raina don ba su yi tsawo ɗaya ba, ashe na bayan kwanar ya fi tsawaitawa da gangan don jirgin ya ɗan kwanta ciki. Malam Sabo, da ya riga ya kama kekensa zai tafi, ya jingine shi ya dawo yana ɗiga.

Muka tsamo kan jirgi muka goge da rigar Bulus. Aka danna, ko tari bai yi ba, batiran sun sha ruwa. Tsoho ya buɗe bayan rediyonsa, rediyon da ko mahaifina ba ya taɓawa, ya zaro nasa ya miƙo. Jirgi ya tashi a karo na biyu, yana wari, taragu na zubar da ruwa. Wannan karon ba wanda ya yi ihu. Ya shigo kwana, ya hau guntu na farko, gadar ta yi ƙara ta ɗan lotsa, hancin ya leƙa waje sosai a kan baƙin ruwa bai sami abin duka ba, ya bi na biyu, na uku, har na bakwai, ya sauka ya zagaye rumbu ya je ya tsaya wa Bulus a tafin hannu. Katanga ta kusa rushewa. Tsoho bai ga komai ba, kunne ya karkata yana ƙirga ƙarar tayoyi a kan kowane guntu, da ya ji na bakwai ya ɗaga kai sama yana dariya.

Malam ya buɗe jiƙaƙƙiyar rajistarsa ya rubuta mana tara-tara. Ya ce ɗayan na shaddarsa ne, kuma mu za mu wanke ta. Sannan ya rusuna ya ce, "Baba, ashe da gaske injiniya ne ku." Na kumbura ina jiran 'yan ajinmu su ji da kunnensu. Tsoho ya goge hannu a zana ya ce, "Wane injiniya, Malam? Kwanon sarki na ɗauka, shekara shida, kankare daga safe har yamma. Amma kaina aka ɗora wa kaya, idona ba a ɗora masa komai ba, sai na yi ta kallo." Daga bayan zana Iya ta ce, "Na faɗa muku sanƙo." Tun daga ranar aka sa min Jikan Lebura a makaranta, sunan ya bi ni har sakandare, kuma ban sake dambe a kansa ba.

Layinmu bai kai sati ba. Aka fara shigo da dawa daga gona, jakuna suka tattake shi, awaki suka cinye gadar. Damina biyu bayan haka tsoho ya rasu, muna tsakiyar wata rigima a kan wanda ya sha furar wani. Su Bulus sun koma gida da daɗewa, mukan gaisa a waya, har yau in ya kira sai ya tambayi lafiyar kwata. Sararin nan an shafe shi da siminti, an binne bututu, rumbu ya zama ɗakin ajiye babur. Yarana jirginsu a cikin wayar uwarsu yake, yana shan kwana yadda ya ga dama, ba ya faɗawa ko'ina, ba kuma wanda ke jiƙewa.

Yanzu na kai shekarun da kowa ke gaishe ni da ladabi, ni ma ina gaida kowa da ladabi, daga ofis har masallaci. Da ƙaramar sallar da ta wuce na kai iyalina gida. Ina shigowa da kaya na ji ɗana na fari, ɗan shekara bakwai, yana ce wa mahaifina tsoho mai kunnen faifai, wai yaushe zai tafi ya bar masa wayarsa. Na ɗaga hannu zan kwaɗe shi. Sai na ji wata dariya da ban taɓa ji ba a rayuwata, mahaifina ne, har da tari, yana rantsuwa a bola aka tsinto yaron. Na sauke hannuna na tsaya a bakin zaure ina jin su, kishi ya kama ni kamar ƙaramin yaro. Ni nawa tsohon ya tafi.